Shin za a iya amincewa da hoton maikuroskof da kwamfuta ta rage wa hayaniya?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai binciken digiri na uku a kan yadda furotin suke jeruwa a cikin ƙwayoyin halitta. A ɗakin bincikenmu muna ɗaukar hotuna da dabarun STORM da SIM, wani lokaci kuma da STED. Hotunan ƙwayoyin da ke raye suna fitowa cike da hayaniya, wato ɗige-ɗigen barkatai da ke ɓata hoto, domin idan muka ƙara ƙarfin leza rinin da ke sa furotin ƙyalli yakan dushe, ƙwayoyin kuma su mutu. Ga shi kuma nazarin hotunan da hannu yana cinye mana makonni. An ba ni shawarar in koma ga koyon na'ura mai zurfi. Ta ina zan fara, kuma yaya zan san cewa abin da kwamfuta ta nuna mini yana cikin ƙwayar da gaske?

Amsa: Malama, kashi na biyu na tambayarki ya fi na farkon nauyi, kuma da shi ya kamata ki riƙa auna duk wata manhaja da za a yaba miki. Ragar jijiyoyi ta kwamfuta, wato tsarin lissafin da koyon na'ura mai zurfi ya dogara a kansa, wanda ake horarwa da misalai har ya iya aikin da kansa, ba ta ƙara ko ƙwayar haske ɗaya a kan waɗanda kyamararki ta kama. Abin da take yi shi ne ta ɗauki ɗan abin da aka auna, ta haɗa shi da abin da ta saba gani a lokacin horo, sannan ta fitar da hasashen da ya fi dacewa da su biyun. Idan abin da aka auna ya wadata, hasashen yakan yi daidai ƙwarai, har ya fi na tsofaffin dabarun tacewa nesa ba kusa ba. Idan kuwa ya yi ƙaranci, sabo ne zai cike giɓin, kuma hoton zai fito tas a duka halayen biyu, ta yadda ido ba zai bambance su ba. Saboda haka wuraren da ake sa raga a wannan aiki ba amincinsu ɗaya ba, kuma tun da dabaru uku kike aiki da su, kowacce tana bukatar magana daban.

Ya kamata a fara da dalilin da ya sa hayaniya ta fi addabar irin waɗannan na'urori fiye da maikuroskof na yau da kullum. A shekarar 1873 Ernst Abbe, wanda yake aiki tare da Carl Zeiss a garin Jena na Jamus, ya nuna cewa gilashi komai kyawunsa ba zai raba abubuwa biyu ba idan tazarar da ke tsakaninsu ta gaza kusan rabin tsawon zangon hasken da ake kallo da shi, wanda a aikace ya kama nanomita 200 zuwa 250 a kwance (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ya kuma ninka haka fiye da sau biyu ta wajen zurfi. Dabarun da suka wuce wannan iyaka, waɗanda wasu daga cikinsu suka sa aka ba Eric Betzig da Stefan Hell da William Moerner kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2014, zagaye dokar suka yi, ba karya ta ba, kuma kowacce haske take cinyewa kafin ta cim ma hakan. STED, wadda Hell da Jan Wichmann suka bayyana tunaninta a 1994, tana kashe ƙyallin rinin da ke gefen ɗigon leza ta bar na tsakiya kaɗai, don haka ƙwayoyin haske, wato foton, da ke fitowa daga kowane wuri sukan ragu ainun. PALM da STORM, waɗanda suka fito a 2006, suna sa molekul su riƙa ƙiftawa kaɗan-kaɗan a gano tsakiyar kowanne, abin da ke bukatar dubun-dubatar hotuna kafin a haɗa guda. SIM kuwa, wadda Mats Gustafsson ya nuna a 2000, tana haska samfuri da zanen ratsi-ratsi ta ɗauki hotuna 9 ga shimfiɗa ɗaya, ko 15 idan ana son zurfi, sannan lissafi ya fitar da hoto mai ninki biyu na ƙarfin rarrabewa.

Ita hayaniyar, mafi yawanta ba laifin kyamara ba ne. Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma adadin foton da zai faɗa kan fiksel ɗaya cikin ɗan lokaci yana hawa da sauka bisa ƙa'idar Poisson, wato gwargwadon tushen murabba'in adadin. Inda ake sa ran foton 100, za a riƙa samun ƙari ko ragi na kimanin 10, kashi 10 cikin ɗari ke nan. Inda ake sa ran 10,000, kaucewar kimanin 100 ce, kashi 1 cikin ɗari kacal. Ma'ana, sai an ninka haske sau huɗu kafin nauyin hayaniya ya ragu da rabi, kuma daga nan matsalarki ta samo asali, domin rini yana da iyakar foton da zai bayar kafin ya dushe har abada, ƙwaya mai rai kuma tana da iyakar hasken da za ta jure, musamman mai gajeren zango irin lezar nanomita 405. A kan wannan sai kyamara ta ƙara nata kason: ta EMCCD tana ƙara hayaniya a wajen ninka sigina, ta sCMOS kuma kowane fiksel nata da irin halinsa. Akwai abu na uku da mutane kan cakuɗa da hayaniya alhali ba ita ba ce, wato hasken bayan fage da ke fitowa daga sassan da ba a kansu aka saita gilashi ba. Shi ba ya sauyawa barkatai daga hoto zuwa hoto, saboda haka ragar da aka horar don rage hayaniya za ta ɗauke shi a matsayin sigina ta bar shi daram.

Don haka kafin ki taɓa kowace raga, ki auna kyamararki, ki san lambar da kowane fiksel yake bayarwa cikin duhu da kuma lambar da foton ɗaya yake haifarwa, ki kuma tabbata kina gyara zamewar samfuri a tsawon ɗauka. Ki duba yawan rinin ma, domin idan kina son raba abubuwan da ke da tazarar nanomita 20 sai an sami alama aƙalla a kowane nanomita 10, kuma babu lissafin da zai nuna furotin da rini bai kama ba. Maikurotubul, wata siririyar igiyar furotin da ke cikin ƙwaya, faɗinsa nanomita 25 ne, amma idan aka yi masa alama da antibodi, wato furotin da ke manne masa ɗauke da rini, hawa biyu yakan fito da faɗin da ya ninka haka ko fiye. Wannan kuskure ne na shiri, kuma raga za ta koye shi ne a matsayin gaskiya.

Mafi yawan ragogin da ake rage hayaniya da su jikokin U-Net ne, tsarin da Olaf Ronneberger da abokan aikinsa suka fitar a jami'ar Freiburg a 2015, wanda yake matse hoto mataki-mataki don ya gane babban fasali, sannan ya sake buɗe shi yana ɗauko ƙananan bayanai daga matakan farko. A 2018 Martin Weigert da abokan aikinsa na cibiyar Max Planck da ke Dresden suka fito da CARE, kuma tunanin da ke bayanta mai sauƙi ne: a ɗauki wuri ɗaya sau biyu, sau ɗaya da haske kaɗan, sau ɗaya da haske mai yawa, a nuna wa raga dubban irin waɗannan tagwaye har ta koyi tashi daga na farko zuwa na biyu. Misalin da ya fi burge ni a aikin nasu shi ne na tsutsar ruwa mai suna Schmidtea mediterranea, wadda takan zabura da zarar hasken leza ya ɗan yi ƙarfi, ko da an sa mata maganin barci. Sun horar da raga da tsutsotsin da aka sandarar da sinadari, suka yi aiki da ita a kan masu rai, kuma sun ba da rahoton cewa a wasu halaye ana samun hoto mai amfani da hasken da ya gaza na da har sau 60.

Sharaɗin CARE shi ne samun hoto mai tsabta da za a kwatanta da shi, abin da ba ya yiwuwa idan abin da ake kallo yana motsi ko yana saurin dushewa. A wannan shekara ta 2018 Jaakko Lehtinen da abokan aikinsa suka nuna, a dabarar da suka kira Noise2Noise, cewa ko hotunan biyu duk masu hayaniya ne ana iya horarwa, domin raga ba ta da hanyar hasashen hayaniyar hoto na biyu daga na farko, dole ta tsaya a matsakaici, matsakaicin kuwa shi ne siginar. A 2019 Alexander Krull da Tim-Oliver Buchholz da Florian Jug suka rage bukatar zuwa hoto ɗaya da Noise2Void, inda ake rufe wa raga fiksel ɗaya a ce ta hasaso shi daga maƙwabtansa. Sigina tana da alaƙa da maƙwabta, hayaniya ba ta da ita, don haka abin da za a iya hasasowa shi ne ake riƙewa. Ki lura da wannan sharaɗi sosai, domin a kansa dabarar take tsaye. Duk inda hayaniyar fiksel ta shafi ta maƙwabcinsa, kamar layuka masu tsayi da wasu kyamarori suke bari, Noise2Void za ta ɗauke ta a matsayin tsari ta kiyaye ta, har ma ta ƙara fito da ita. Wannan ne ya sa aka yi StructN2V a 2020, wadda take rufe layi maimakon fiksel guda.

A cikin dabarunki uku, STED ce ta fi sauƙi. Na'urar tana bin samfuri ɗigo-ɗigo tana ƙirga foton, saboda haka hayaniyarta kusan tsantsar Poisson ce, kuma ta wannan fiksel ba ruwanta da ta wancan. Tagwayen horo ma ba su da wuyar samu: a samfurin da aka sandarar, ki bi wuri ɗaya da sauri sannan ki bi shi a hankali, ko ki bi shi sau biyu da sauri ki yi Noise2Noise. Abin kiyayewa shi ne ki fara da ɗauka mai ƙarancin haske, domin ɗaukar STED mai ƙarfi tana dusar da rini, kuma idan kika juya tsarin za ki koya wa raga alaƙar da babu ita a ƙwaya mai rai.

SIM ta fi wayo. Lissafin da yake haɗa hotuna 9 ko 15 yana ƙara ƙarfin ƙananan bayanai, tare da su kuma yana ƙara ƙarfin hayaniya, ya shimfiɗa ta a kan fiksel da yawa har ta zama zane mai kama da saƙar zuma ko sawun guduma a kan ƙarfe. Wanda bai saba ba zai rantse cewa wani tsarin furotin yake gani. Bayan an haɗa hoton, sharaɗin Noise2Void ya riga ya karye, don haka kada ki sa ta a nan. Idan za a rage hayaniya, a ɗanyen hotuna ake yi kafin haɗawa, kuma ko a nan akwai haɗari, domin ratsin da aka haska samfurin da shi shi ne yake ɗauke da bayanan da ake nema, kuma raga tana iya goge shi ko ta karkatar da shi. Wannan ne ya sa na fi natsuwa da hanyoyin da suke gaya wa raga zanen hasken tun farko, irin wadda ƙungiyar Dong Li a Beijin ta wallafa, maimakon a bar ta ta laluba shi cikin hayaniya.

STORM ce za mu daɗe a kanta, domin a nan ne ake yin kuskure mafi yawa, a nan ne kuma raga ta fi amfani. Kuskuren shi ne a ɗauki ɗanyen hotunan ƙiftawa a share musu hayaniya, sannan a miƙa su ga manhajar gano wuri irin ThunderSTORM. Manhajojin nan an gina su ne a kan sanin yadda hayaniyar foton da ta kyamara suke, kuma da wannan sani suke lissafa tsakiyar ɗigo da kuma iyakar kuskuren lissafin. Ƙa'idar da Thompson da Larson da Webb suka tsara a 2002 ta ce daidaiton wurin molekul yana tafiya da faɗin ɗigonsa idan aka raba shi da tushen murabba'in adadin foton: ɗigo mai ma'aunin nanomita 100 da foton 100 zai ba da kuskuren kimanin nanomita 10, da foton 2,500 kuma kimanin nanomita 2, idan babu hasken bayan fage. Idan raga ta goge hoton, ɗigon zai yi sumul kamar mai foton dubbai, manhajar za ta ba ki rahoton daidaito mai ban sha'awa, alhali foton ɗin suna nan 100 yadda suke.

Inda raga ta dace shi ne ta karɓi aikin gano wurin baki ɗaya. Babbar matsalar STORM a ƙwaya mai rai ita ce lokaci, kuma hanyar rage lokaci ita ce a bar molekul da yawa su haska tare. Amma da zarar ɗigo biyu sun hau juna, tsohuwar manhaja takan sa alama ɗaya a tsakaninsu, inda babu kowa, har igiyoyi biyu da ke kusa su fito kamar siririyar igiya guda. Deep-STORM, wadda Elias Nehme da Yoav Shechtman da abokan aikinsu suka fitar a jami'ar Technion da ke Haifa a 2018, tana cikin na farko da suka nuna cewa raga tana iya warware irin wannan cunkoso cikin sauri. A 2021 aka fito da DECODE, aikin haɗin gwiwar ƙungiyoyin Jonas Ries da Jakob Macke da Srinivas Turaga, wadda take duba hoton da ke gaba da wanda ke baya tare da na yanzu, ta ba da wurin kowane molekul a kwance da zurfi, da haskensa, da kuma gwargwadon shakkarta a kansa. A gasar manhajojin gano wuri da jami'ar EPFL ta Lausanne take kula da ita, DECODE ta zo ta ɗaya a dukkan jerin bayanai 12 da aka gwada ta a kansu.

Dalilin da ya sa nake amincewa da wannan rukuni fiye da sauran ba sakamakon gasa ba ne, yadda ake horar da su ne. Ana ɗaukar hoton 'yan ƙananan duwatsu masu ƙyalli a maikuroskof ɗinki don a san siffar da ɗigo ɗaya yake yi a kowane zurfi, a haɗa da ma'aunin kyamara, sannan kwamfuta ta kwaikwayi hotuna birjik inda ta warwatsa molekul barkatai, tana sane da ainihin wurin kowanne. Tun da barkatai aka warwatsa su, ragar ba ta taɓa ganin igiya ko zobe ko curi ba, ba ta san komai game da halitta ba. Abin da ta koya shi ne halin haske da halin kyamara, don haka ba ta da wani fasali da za ta ɗora wa samfurinki. Rauninta yana wani wuri daban: idan siffar ɗigo ta sauya, misali saboda kin nutsa cikin samfuri har gilashin ya fara karkatar da haske, ko an sauya man gilashi ko matatar haske, kwaikwayon ya daina dacewa da zahiri, kuma sai an sake horo, wanda kan ci sa'o'i da dama a kan katin GPU, wato sashen kwamfuta mai saurin irin wannan lissafi.

A ɗaya gefen akwai ragogin da suke zana tsari kai tsaye. ANNA-PALM, ta Wei Ouyang da Christophe Zimmer da abokan aikinsu a cibiyar Pasteur ta Faris, ta nuna a 2018 cewa ana iya fitar da hoton maikurotubul ko na ƙofofin cibiyar ƙwaya daga hotunan da suka gaza adadin da aka saba har sau ɗari, har suka ɗauki fiye da ƙwayoyi 1,000 cikin kimanin sa'o'i 3. A 2019 ƙungiyar Aydogan Ozcan a jami'ar UCLA ta horar da raga ta mayar da hoton konfokal, wato maikuroskof na leza da bai wuce iyakar Abbe ba, ya yi kama da na STED. Ayyuka ne na ƙwarai, kuma masu ANNA-PALM da kansu sun haɗa ta da taswirar da ke nuna inda hasashen ya saɓa wa ɗanyen hoto. Amma ki san abin da ke gudana a ciki. Ragar da aka horar don ta rage matsakaicin kuskure, idan ta yi shakka tsakanin amsoshi biyu, takan fitar da matsakaicinsu, hoton ya yi dishi-dishi a wurin, kuma wannan dishi-dishin aƙalla yana faɗa miki gaskiya. Ragar da aka horar ta hanyar gasa da wata raga mai gano jabu, wadda ake kira GAN, ba a yarda ta yi dishi-dishi ba, don haka takan zaɓi amsa ɗaya mai kama da gaske ta zana ta da kaifi. A 2013 Ke Xu da Guisheng Zhong da Xiaowei Zhuang sun gano da STORM cewa furotin aktin yana yin zobba a jere a igiyar jijiya, da tazarar nanomita 180 zuwa 190 tsakaninsu. Ragar da ba ta taɓa ganin zobban ba da wuya ta nuna su daga hoto mai ƙarancin bayani, wadda aka horar a kansu kuma tana iya zana su a jijiyar da ciwo ya riga ya rusa su.

Irin wannan ya taɓa faruwa da ni. Mun horar da raga da lafiyayyun ƙwayoyi masu dogayen maikurotubul, muka yi aiki da ita a kan ƙwayoyin da aka sa wa nokodazol, maganin da yake wargaza waɗannan igiyoyi. Hotunan sun fito da igiyoyi masu tsayi fiye da yadda muka zata, har muka fara tunanin maganin ya lalace ne, muka sayo sabo. Sai da wata abokiyar aiki ta ɗora hoton raga a kan ɗanyen hoton da aka ɗauka da cikakken haske muka ga cewa gutsattsarin da ke kusa da juna ne ragar take ɗinkewa, domin duk tsawon horonta ba ta taɓa ganin igiya ta yanke a tsakiya ba. Tun daga lokacin ban ƙara yarda a horar da raga da samfurin da ba a taɓa ba kaɗai, sannan a auna bambancinsa da wanda aka sa wa magani.

Game da tantancewa, mafi ƙarfin hujja ita ce abu mai sanannen girma. Ƙungiyar Ries ta samar a 2019 da ƙwayoyin U2OS, wani nau'in ƙwayoyin ɗan Adam da ake renonsu a ɗakin bincike, waɗanda aka yi wa furotin Nup96 alama, kuma an san cewa kowace ƙofar cibiya tana ɗauke da shi guda 32, a zobba biyu masu kusurwa takwas-takwas, faɗin zobe kimanin nanomita 107, tazarar zobban biyu kimanin nanomita 50. Idan hanyarki ta ba da wasu lambobi daban, ko ta cike kusurwa takwas a kowace ƙofa alhali kin san rini ba ya kama kowane furotin, akwai matsala. Ma'aunan da ake naɗawa da DNA ma suna yin wannan aiki. Sai NanoJ-SQUIRREL, ta Siân Culley da Ricardo Henriques da abokan aikinsu a 2018, wadda take mayar da hoto mai kaifi ya koma dishi-dishi ta kwatanta shi da hoton yau da kullum na wurin. Tana kama igiyar da ta ɓace ko wadda aka ƙaga, amma ba ta ganin kuskuren da ya gaza iyakar Abbe sosai. Hanya mai arha kuma ita ce ki horar da ragogi da dama daban-daban ki duba inda suka saɓa wa juna, ko da yake haɗuwarsu ba hujja ba ce, tun da malaminsu ɗaya.

Ma'aunan ingancin hoto iri biyu ne nake so ki yi hattara da su. PSNR da SSIM suna auna matsakaicin kamanni a faɗin hoto, kuma ƙaramin curin da bincikenki ya dogara a kansa yana iya ɓacewa ba tare da lambar ta motsa ba. FRC kuwa, wadda take raba bayanai gida biyu ta duba iyakar inda suka yi daidai, tana ruɗuwa idan raga ɗaya ce ta sarrafa rabin biyu, domin abin da ragar ta ƙara daga sabonta zai bayyana a duka biyun ya zama kamar yarjejeniya. Haka nan wajen ware hotunan gwaji, ki ware su bisa ƙwaya da ranar ɗauka, kada ki yanka hoto ɗaya ki sa rabi a horo rabi a gwaji.

Batun nazari ba da hannu ba ya fi sauƙi, kuma a nan rage hayaniya take biya ba tare da haɗari mai yawa ba. StarDist ta 2018 tana shata iyakar abubuwa masu dunƙulallen siffa irin cibiyar ƙwaya, Cellpose ta Carsen Stringer da Marius Pachitariu, wadda aka wallafa a 2021, tana shata ƙwayoyi masu siffa iri-iri, kuma fitowarta ta biyu tana ba ki damar gyara kuskurenta da hannu ki sake horar da ita nan take. TrackMate da ke cikin manhajar nazarin hotuna ta Fiji tana karɓar sakamakonsu ta bi sawun abubuwa daga hoto zuwa hoto. Ƙa'idar da nake bi ita ce, hoton da aka share shi ne na nemo abu da shata iyakarsa, amma ƙarfin haske a ɗanyen hoto ake auna shi, a cikin iyakar da aka shata, domin babu tabbacin cewa abin da ya ninka wani haske sau biyu zai ci gaba da ninka shi bayan ya ratsa raga. A STORM kuma ainihin bayananki jerin wurare ne, ba hoto ba, don haka ki yi nazarin curi a kan jerin, da hanyoyin gano curi irin DBSCAN ko SR-Tesseler, ko ragar da aka horar da kwaikwayo, kina tuna cewa molekul ɗaya yana iya ƙiftawa sau da yawa ya zama kamar curi, kuma sai an haɗa da samfurin da aka san ba shi da curi kafin a gane yawan wannan ruɗi.

Akwai hanya ta daban da take rage cutar da haske tun daga tushe, wato a sa raga ta riƙa kallon hoto mai rauni tana jiran abin da ake nema. A 2022 ƙungiyar Suliana Manley ta EPFL ta nuna maikuroskof mai ƙara saurin ɗauka sai idan raga ta hango mitokondiriya, wato sashen ƙwaya mai samar da kuzari, tana shirin rabuwa, ƙungiyar Ilaria Testa a Stockholm kuma ta nuna mai kunna STED a daidai wurin da wani abu ya faru. Idan raga ta yi kuskure a nan, asarar ɗauka ɗaya ce, kuma hoton da aka samu na foton ne na gaske.

Don farawa ba sai kin iya rubuta manhaja ba. ZeroCostDL4Mic, wadda aka wallafa a 2021, ta tattara CARE da Noise2Void da Deep-STORM da StarDist a kan Google Colab, shafin da ake gudanar da manhaja ta intanet, tare da matakan duba inganci. Idan kika ɗauko ragar da wani ya horar, ki fara duba girman fiksel da aka horar da ita a kansa, domin saɓani a nan kaɗai ya isa ya ɓata sakamako. Ki adana ɗanyen hotuna yadda suka fito daga kyamara, ki ajiye ragar da bayanan horonta da lambar fitowar manhajar, kuma duk hoton da raga ta taɓa ki faɗi haka a ƙarƙashinsa idan za ki wallafa, ki sa ɗanyensa a gefe. Da ni ne a matsayinki, makon farko zan ba shi ga auna kyamara da ɗaukar duwatsu masu ƙyalli, na biyu kuma ga tara tagwayen STED daga kowane rukunin gwajinki, har da ƙwayoyin da aka sa wa magani da waɗanda aka cire wa furotin ɗin da kike bincike, in ware na rana ɗaya cur in kulle su, kada kowa ya buɗe su sai an gama horo.